Rawar Saja Kambai a Selly Oak

Bartholomew Kambai ba ya taɓa bindiga sai ya gama kallonta. Masu kawo masa tsofaffin bindigogin soja don ya faɗi darajarsu sun san haka. Yakan sa a shimfiɗa ta a kan bargo, ya goya hannuwansa a baya, ya zagaya teburin a hankali. Daga nan sai ya sunkuya ya shinshina katakon. Idan ya ji ƙamshin sabon fenti, zai miƙe ya ce, "Wani ya yi mata kwalliya," kuma daga muryarsa mai ita zai gane daraja ta faɗi. In kuwa warin tsohon mai da gumi ya ji, to a nan ne zai zaro farar safar hannu daga aljihu.

Bindigogin duk matattu ne. An toshe bakinsu, an yi wa ƙarfen ciki walda, gidan gwajin bindigogi na Birmingham ya buga musu hatimi cewa ba za su ƙara tashi ba. Da haka ne doka ta yarda mutum irinsa ya ajiye su a gida. Bartholomew bai taɓa harba harsashi ba a rayuwarsa, kuma ba ya marmari. Ko ƙarar wasan wuta na watan Nuwamba sa shi take ya rufe taga. Abin da yake nema a jikinsu shi ne abin da shekaru suka bari: inda tafin hannun wani soja ya cinye katako har ya yi santsi, inda igiyar ratayawa ta goge ƙarfe, da ƙananan tambarin da ke nuna garin da aka ƙera ta da shekarar.

A Kafanchan aka haife shi, a kwatas ɗin ma'aikatan jirgin ƙasa. Mahaifinsa, Saja Kambai, ya yi yaƙin Bama a lokacin yaƙin duniya na biyu, ya dawo da kunne ɗaya da ba ya ji, ya kama aikin gadin tasha. Ba a bar shi ya taho da bindigarsa ba, wadda yake kira tiri-not-tiri. Hoto guda kawai ya rage, shi a tsaye da gajeren wando, ita a gefensa ta kusa kai masa ƙirji.

Saja ya haifi 'ya'ya mata biyar kafin ya samu Bartholomew, kuma a kansu ya ƙirƙiro wata al'ada. Ba ta ƙabilarsu ba ce, ba ta coci ba ce, tasa ce. Duk ranar da za a kai ɗaya gidan miji, sai ya ari bindigar wani maharbi maƙwabcinsu, ba komai a cikinta, ya saɓa a kafaɗa, ya shiga gaban amarya. Rabi fareti, rabi rawa, har ƙofar gidan ango. A nan zai buga ƙafa a ƙasa, ya zare wa surukai ido, ya ce da ƙarfi irin na wanda ba ya jin kansa, "Kun gan ta? Tana da mutane!" Sannan ya fashe da dariya ya rungume uban ango. Bartholomew ya ga wannan rawa sau biyar, kuma ba sau ɗaya da ya gan ta bai yi dariya har hawaye ba.

Ya karanta ilimin laburare a Zariya. Ya zo Manchester ƙaro karatu, ya zauna. Matarsa Celestina ta sami aikin jinya a wani asibiti da ke Oxford Road, shi kuma ya sami aiki a wani ƙaramin laburaren unguwa. Suka kama gida a Hulme, hawa na biyu. Suka haifi Manasseh, sannan Angelina.

Manasseh ne ya fara hango ta. Suna wucewa ta gaban wani shagon tsofaffin kaya sai ya ja hannun ubansa ya ce ga bindigar hoton Kaka. Ba ita ba ce, ba ma irinta sosai ba, ƙanwarta ce da 'yan sandan gida ke kira maka-fo. Amma sun shiga, kuma daga ranar suka zama abokan wannan sha'awa. Uba da littattafai, ɗa da kwamfuta, suna gardama a kan tambari da lambobi har tuwo ya huce. Manasseh yana da sikila. Ya rasu a shekarar 2011, yana shekara ta biyu a jami'a. Celestina ba ta daina kiran mijinta Baban Manasseh ba, shi ma bai nemi ta daina ba.

Bayan shekara biyu aka rufe laburaren, a cikin wuraren da gwamnati ta ce ba ta da kuɗin riƙewa. Bartholomew ya koma tura gadajen marasa lafiya a asibitin da matarsa ke aiki. Bai raina aikin ba. Yana cewa a laburare mutane ba sa son a yi musu magana, a kan gado kuwa kowa na neman mai hira. Ranar Asabar kuma sai ya hau bas zuwa Birmingham, inda wani tsohon Bature mai shagon kayan soja ya ware masa tebur a lungu, yana duba bindigogin da ake kawowa. A gida yana da bakwai nasa, a jere a bangon ƙaramin ɗaki.

Angelina ta yi karatun haɗa magunguna a Birmingham, ta zauna a Selly Oak cikin gidajen ɗalibai. A can ta haɗu da Davou, ɗan Dalyop. Dalyop mutumin Jos ne, akanta, mazaunin Selly Oak, wanda ya zauna ɗaki ɗaya da Bartholomew a Zariya. Da maganar aure ta tashi, iyayen maza biyu suka yi ta waya suna zagin juna don murna.

Wata Lahadi bayan coci, suna cin tuwon acca, Angelina ta ɗago kai. Hausarta ta Manchester ce, tana tafiya tana tuntuɓe, amma tana isa inda za ta.

"Daddy, Gwaggo Catherine ta ce Kaka ya yi mata rawa da bindiga ranar aurenta. Da gaske?"

"Da gaske. Har hularsa ta faɗi a kwata."

"To tawa fa?"

Celestina ta ajiye ludayi. "Taki me?"

"Rawata, Mummy. Ni ma jikar Kaka ce. Daddy yana da bindiga har bakwai, Kaka ma aro ya yi."

Bartholomew ya dubi 'yarsa. Tun rasuwar yayanta ba ta cika roƙon komai ba. Ita ce mai cewa ba komai, ita ce mai wanke kwanuka ba a sa ta ba. Bai tsaya tunani ba.

"Zan yi miki," ya ce.

"Baban Manasseh, ka ji kanka kuwa?" in ji Celestina. "Baƙin mutum, da babbar riga, da bindiga a kafaɗa, a kan Bristol Road? Kafin ka ɗaga ƙafa ta biyu helikwafta na kanmu. Ni ba zan ci shinkafar auren 'yata a ofishin 'yan sanda ba."

"Ai matacciya ce."

"Sai ka tsaya ka yi musu lacca."

Ya san gaskiya ta faɗa. Ba zai fita titi da ita ba, wannan ko shi bai yi musu ba. Amma cikin zauren biki fa, ƙofa a rufe? Cibiyar unguwa da suka so kamawa an rufe ta ita ma a wannan shekarar, don haka suka koma zauren wata coci a Selly Oak. Mai kula da zauren wata Madam Scholastica ce, 'yar Shendam, mai tarin makullai a wuya. Bartholomew ya je ya same ta da kansa wata Asabar, ya ba ta labarin Saja tun daga Bama. Ta saurara, ta yi dariya a inda ya kamata, har ta share ido.

"Oga Bartholomew, labarin nan ya shiga raina," ta ce. "Amma ko ta roba ce ba ta shiga nan. Tagogin nan titi suke kallo. Ɗalibi ɗaya ya leƙo ya ɗauki hoto, shi ke nan an rufe mana zaure, ni kuma na koma gida. Duk abin da mutum zai hango daga nesa ya ce bindiga ce, ka bar shi a Manchester."

Daga nan ya wuce gidan Dalyop, yana neman mai taya shi baƙin ciki. Bai samu ba.

"Ka riƙe lema mana," in ji Dalyop, yana ɓare gyaɗa. "Baƙar lema, doguwa. Daga nesa ai duk ɗaya ne."

"Daga nesa duk ɗaya ne shi ne matsalar, kai dankalin Jos."

"To mofa ta goge ƙasa. Madam ɗin tana da su da yawa."

"Ubana ya tsallake kogunan Bama don in raka jikarsa da mofa?"

"Ubanka aron bindiga ya yi, mutumin citta. Kai ko aron hankali ka kasa."

Suka yi dariya, amma a bas ɗin komawa Bartholomew bai yi barci ba kamar yadda ya saba. Ya yi tunanin a yi rawar a gida a Hulme kafin a tafi. Ya auna falon da ido a ransa: taku uku ka kai talabijin. Kuma rawar ba ta barin gida ba ce, ta isa ce. Dole a yi ta a gaban dangin miji. Angelina ba ta sake tayar da maganar ba, kuma wannan ya fi damunsa. Ya san in ya ce mata abin bai yiwu ba, cewa za ta yi ba komai, Daddy.

Mafita ta zo masa a shago wata Asabar. Wani mutum ya kawo shagon wata tiri-not-tiri da ya gada, katakon gabanta a tsage. Bartholomew ya zagaya, ya shinshina, ya girgiza kai. Irin wannan bindiga katakonta biyu ne: na gindi, wanda ake dafawa a kafaɗa, da dogon na gaba, wanda bakin ƙarfen ke kwance a ciki. Ƙarfen tsakiya ne ke haɗa su. Wanda bai sani ba yakan fara kwance na gindi, sai kan dogon notin ya murɗa a cikin na gaba ya tsaga shi. Na gaba ake fara cirewa. Yana cikin yi wa mutumin wannan bayani, katakon da ya tsage na hannunsa, sai idonsa ya tsaya a kansa. Ya juya shi. Ba baki, ba kunama, ba ƙarfe ko ɗaya. Itace ne kawai, irin wanda za ka wuce a shagon kafinta.

Da ya gaya wa mai shagon abin da yake shiryawa, tsohon ya jawo wani kwali cike da tsofaffin katakan bindiga, masu tsagu da waɗanda aka kankare, ya ce ya zaɓa kyauta. Bartholomew ya gode, ya tura kwalin baya da ƙafa. Ba zai raka 'yarsa da tarkace ba.

A cikin bakwai ɗin nan akwai wadda ta fi. An ƙera ta a Birmingham a 1941, irin ta hoton Saja sak. Ba wanda ya taɓa kankare katakonta ko ya yi mata fenti. Ya yi duhu kamar zuma tsohuwa, kuma a wuyan gindin akwai wurin da babban yatsan wani ya zauna har ya yi ɗan rami. Ko ƙura Celestina ba ta da izinin share mata. Bartholomew ya san abin da zai iya faruwa. Tsohon katako yakan bushe ya kama ƙarfe, in aka matsa masa ya tsage. Ko ya fita lafiya, ba lallai ya koma ya zauna kamar da ba. Da wani ne ya zo masa da wannan shawara a shago, da ya ce masa kada ya kuskura.

Ya yi aikin ranar Lahadi da rana, a teburin kicin, a kan tsohon zanen Celestina. Ita ta riƙe masa kwanon da ake jefa ƙananan notuna.

"Hannunka na rawa," ta ce.

"Ba ya rawa."

"To tebur ne. Ka ja numfashi, ba tiyata kake yi ba."

"Ki yi shiru, Maman Manasseh, don Allah."

Ya cire zoben ƙarfe na baki, ya cire na tsakiya, ya kwance na ƙasa. Katakon gaba ya ƙi motsi. Ya sa wani ɗan guntun itace ta baya ya riƙa bugawa a hankali, dama, hagu, dama. Sai aka ji ƙas. Ya ɗaga ya kai taga, ya duba ciki da waje. Busasshen mai ne ya saki. Celestina ta ce, "Yesu na gode," ta zauna. Na gindi bai ba da wahala ba, doguwar sukundireba ta shiga ta ƙofar tagullar da ke ƙarshensa, notin ya juya.

Sai ga shi da katako biyu a kan tebur, ba abin da ya haɗa su. Ba a saɓa abu biyu a kafaɗa ɗaya. Ya yanko sandar tsintsiya, ya naɗe ta da tsumma don kada ta ƙarce, ya ɗaure su a kai da zare. Ya ɗauki hoto ya aika wa Madam Scholastica. Ba ta ɓata lokaci ba ta kira.

"Oga, wannan ai bindiga ce da sandar tsintsiya a ciki."

"In na raba su fa?"

"In ka raba su, itace ne. Ka shigo da ko tirela guda."

Ya ajiye waya ya zauna yana kallonsu. Celestina ta zuba masa shayi.

"Ka ba Dalyop ɗaya," ta ce.

"Wa?"

"Surukinka. Kai da gindi, shi da gaba."

"Rawar nan gargaɗi ce ga surukai. Yaya zan ba wanda nake yi wa gargaɗi rabin makamin?"

"To ka rungumi biyun kamar mai tallan itace. 'Yarka ce za ta ji kunya, ba ni ba."

Ya yi ta gunaguni har sati ya zagayo, sannan ya kira Dalyop. Ya kafa masa sharaɗi: safar hannu, ba juyi, ba ɗagawa sama da kai, ba kusa da abinci. Dalyop ya amsa duka da "to, ranka ya daɗe."

Ranar biki an yi ruwa da safe, rana ta fito da azahar. Zauren ya cika da mutanen Manchester da suka zo bas guda, da mutanen Jos, da likitoci da injiniyoyi abokan aiki, Musulmi da Kirista, da ƙawayen amarya Turawa da aka ɗaura wa gwaggwaro. Bayan an ci abinci aka janye kujeru. Matan zumunta suka ɗauki ganga da tulu da kacau-kacau. Angelina ta tsaya a bakin ƙofa cikin farar riga, Davou da danginsa a can ƙarshen zaure.

Bartholomew ya kwance katakan daga cikin zane. Ya miƙa wa Dalyop na gaba, da safar hannu a kai. Dalyop ya karɓi safar, ya duba, ya tura a aljihu.

"Ni ba likita ba ne."

"Dalyop!"

"Ganga ta fara, mutumin citta. Tafi."

Bartholomew ya dubi nasa hannun. Ya cire tasa safar shi ma. Karo na farko tun da ya sayi bindigar, tafinsa ya zauna a kan katakon, babban yatsansa ya faɗa cikin ramin nan kamar an auna. Ya ɗora gindin a kafaɗa, ya ɗaga gwiwa.

Ƙafarsa ta tuna abin da shi ya ɗauka ya manta. Taku biyu na fareti, sai a karya kugu, a ja da baya, a buga ƙafa. Gwaggo Catherine, wadda ta zo daga Kaduna da sandarta, ta rangaɗa guɗa ta ce, "Baba ne! Wallahi Baba ne!" A gefensa Dalyop ya karya kowane sharaɗi. Ya juya katakon kamar sandar mai jagorantar fareti, ya ɗaga shi sama, ya nuna fasto da shi, ya ratsa ta gefen teburin zobo. A wani juyi ƙarshen katakon ya daki ƙafar kujerar ƙarfe. Bartholomew ya ji ƙarar har cikin haƙoransa, amma bai waiwaya ba, don a bayansa yana jin dariyar Angelina, irin wadda take yi tana yarinya, mai haɗe da shaƙuwa.

Suka isa gaban ango. A nan Bartholomew ya ga matsala: uban angon da zai zare wa ido yana gefensa, yana haki. Sai ya juya ga Davou. Ya buga ƙafa. Kafin ya buɗe baki Dalyop ma ya buga tasa, ya nuna ɗan cikinsa da katako, suka faɗa tare, "Ka gan ta? Tana da mutane!"

Davou ya ɗaga hannu biyu sama. "Baba, har da kai?"

"Har da ni. Ka taɓa ta ka gani."

Zauren ya ɗauka. Angelina ta faɗa jikin ubanta, hodar fuskarta ta ɓata masa kafaɗar riga. Tana ta cewa, "Daddy, Daddy." Madam Scholastica na bakin taga, ta ja labule rabi, makullanta na kaɗawa daidai da ganga.

Da aka watse Bartholomew ya je karɓar katakonsa. Ya same shi a hammatar Dalyop, da sabon tabo fari a kusa da ƙarshe, da ɗigon zobo a gefe.

"Kawo in ga ɓarnar da ka yi."

"Ka gani daga nan. Wannan nawa ne."

"Naka a ina?"

"Ka ba ni a gaban fasto da shaidu. Ka ba ni 'ya, ka ba ni katako. Wanne kake so in mayar?"

Bartholomew ya nemi Celestina da ido don ta shiga maganar. Tana can tana rarraba sauran shinkafa a robobi, ta yi kamar ba ta ji ba.

Har yanzu a bangon ƙaramin ɗakin nan na Hulme bindigogi shida ne cikakku, ta bakwai kuma bakinta tsirara. Mai shagon ya yi masa tayin wani katakon gaba mai kyau, na shekarar ma, ya ce a bari tukuna. Nata na asali yana Selly Oak, a kan kabad ɗin falon Dalyop, tsakanin hoton biki da agogo. Kowace Asabar in ya tashi daga shago, Bartholomew yakan biya ta can ya duba ko an sa shi kusa da hita. Yakan sa safar hannu, ya juya shi, ya yi faɗa a kan ƙura. Angelina da mijinta suna titi na biyu daga nan, don haka kafin ya gama faɗan ta shigo da kular gwate, sai a tura masa kujera.